Norjima Ba Ta Sauka Tafki

Tsohuwa Norjima dai ba a yi mata dole. A kan hanyar ƙaura aka haife ta, a gindin dutsen nan mai farin kai da ƙanƙararsa ba ta ƙarewa duk shekara, kuma tun kafin ta iya tafiya take bisa bayan barewar ƙanƙara, dabbarmu mai rassan ƙaho da muke hawa muke tatsa. A nan ta yi aure, a nan ta rasa miji, a nan sanyi ya cinye mata yatsun ƙafa biyu, ta ce sauran sun ishe ta.

Kowa a wajenmu ya sani, barewarmu ba ta shiri da zafi. Da bazara ta shigo, sauro da ƙudan cizo suka taso daga fadama kamar hayaƙi, sai a naɗe tantuna a haura sama, inda iska ke yanka fuska, farar gansakuka ta lulluɓe duwatsu. Can dabba ke ƙiba. A ƙasa kuwa kofato ya ruɓe, tari ya kama ta, ta bushe a tsaye.

To bana sai Dambi, ɗanta tilo, ya zo da sabon karatu. Wai a kora garken zuwa bakin tafki, inda baƙi ke tururuwar ɗaukar hoto da barewa.

"Inna, kowa ya sauka sai mu," in ji shi. "Yarana su tashi ba makaranta, ba asibiti, saboda dutse?"

"Waɗanda suka sauka bara, ina bareyinsu?"

"Wasu sun dawo mana."

"Fatunsu sun dawo, ka ce. Kai Dambi, ka kiyaye ni."

"Gobe da hantsi zan kora su. Garken ubana ne."

"Oho! Ashe uban naka ne yake tatsarsu."

Ta juya ta shige tanti. Shi kuma gogan ya ɗauka ya ci gari, ya kama ɗaure kaya yana fito. Ya manta abin da ko jaririn tanti ya sani: ba makiyayi ke dawo da garke gida ba, 'ya'ya ne. Ana ɗaure ƙananan a turke, iyaye su bazu kiwo, duk nisan da suka yi kukan 'ya'yansu ya jawo su.

Da safe, Dambi ya shiga daji tattaro iyayen. Norjima ta kwance ƙananan, ta jera su a igiya ɗaya, ta haye tsohon ingarman barewarta, ta nufi sama. Hanyar ba ta wasa ba ce, tsakuwa na zamewa, hazo ya rufe, ƙanƙara ta dinga jifanta a tsakiyar bazara. Ko gezau. Ƙananan na ta kuka, ita tana cewa, "Ku ƙara, 'yan albarka, ku ƙara!" Kafin rana ta take, ga iyaye nan a guje, sun ratsa ta gaban Dambi kamar ba su taɓa ganinsa ba, mazan na biye.

Ya iso yana haki, ya tarar ta kafa turaku a bakin ƙanƙara, har ta ɗora shayi.

"Inna, kin kunyata ni."

"Zauna ka sha."

"Ba zan sha ba. Zan sauka da matata da yarana, da garke ko babu. Ki zaɓa yanzu, mu ko su."

Ta san ba barazana yake yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a nononta ya sha shi. Ta dube shi, ta dubi garken da ya baje a kan ƙanƙara yana lumshe ido don daɗi.

"Ku za ku rayu a ƙasa, ɗana," ta ce. "Su ba za su rayu ba."

Ya juya ya gangara. Ta bi shi da ido har hazo ya haɗiye shi, sannan ta zauna ta yi kuka, kuka sosai, don tana son yaron nan kamar ranta, kuma ba ta san wa zai sauko da ita in hunturu ya zo ba. Da ta gama ta fyace hanci, ta ɗauki ƙwarya. Iyayen sun cika da nono, ba mai tatsa sai ita.