Ranar da Na Je Furfuri da Leda a Ƙafa

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na ratsa Gusau da ledar lalle a ƙafafuna. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, wani lokacin har da ƙwalla.

Inna, ƙanwar mahaifiyata wadda ta raine ni, ta kamu da kansar mama, ciwon har ya taɓa ƙashin bayanta. Duk wata takan zo daga Furfuri ta sauka gidana a unguwar Damba a Gusau, in kai ta asibiti a ɗaura mata ruwan maganin ƙarfafa ƙashi. Tun farko likita ya ja mana kunne cewa muddin tana kan maganin nan, kada a kuskura a cire mata haƙori ba da saninsu ba, domin ramin yakan ƙi warkewa, ƙashin muƙamuƙi ya mutu. Ni kam gani na yi da idona. Akwai wata baiwar Allah 'yar Tsafe da muke haɗuwa a layi, bayan an cire mata haƙori sai ga ƙashi a fili cikin bakinta yana ruwa, kunu ma da ƙyar take sha. Inna kuwa in ana bayani kai kawai take gyaɗawa, hankalinta na kan goronta.

Ranar ina zaune a tsakar gida, an ƙunsa mini lalle saboda bikin maƙwabta, an ɗaure ƙafafun da baƙar leda, sai matar yayana ta kira daga Furfuri. Mun sha hira, har za ta kashe sai ta ce af, ai Inna ma yau za ta huta da haƙorin da ya dame ta. Wanzamin gidanmu ya zo askin jariri a unguwar, ya ce in ya gama zai shigo ya fizge shi. Na ce maza ta hana. Ta ce ita wa? Ita da kunya take hana ta ɗaga ido gaban Inna, ita za ta tare wanzamin da ya yi wa mijinta kaciya? Na kira yayan nawa, yana gona, waya ba ta shiga.

Ban san sanda na zura hijabi a baibai na yi waje ba. Takalmi ya ƙi shiga, na watsar da shi. Daga keke na faɗa motar Bungudu mai bi ta Furfuri, lalle na cakwal-cakwal a leda, wata tsohuwa tana ta yi mini sannu wai ko gobara ce. Ni dai bakina salati, direba kuwa ya sha azalzala.

Ina faɗawa gidan na hango Inna a kan tabarma, ta ɗaga kai baki buɗe, tsohon wanzamin ya baje zabira, awartaki a hannu. Na ce, "Baba, dakata!" Na kwasa da gudu, leda ta kwashe ni, sai ga ni shame-shame a gabansa. Gida ya kaure da dariya. Inna ma dariyar ce ta rufe mata baki, ta dafe kumatu tana yi tana wash.

Wanzami ya ce, "Ɗiyata, ni na cire maki beli, yau ni za ki hana wa aiki?"

Daga kwancen na zayyana masa maganar likita da halin matar Tsafe. Ya mai da awartakinsa zabira, ya ce ba da hannunsa ba.

Inna ta harare ni ta ce, "Ke dai da ɗaukar rai. Mi ya gama nono da haƙori?"

Na rungume ta ina dariya ina kuka don murna.

Washegari likitan haƙori a Gusau, bayan ya tuntuɓi likitanta, ya wanke haƙorin har saiwa ya cike shi, bai cire ba. Ciwon ya ci gaba da cin jikin Inna har Allah ya karɓi abarsa, amma bakinta lafiya lau ta tafi da shi. Da shi ta ci tuwonta, ta yi mana faɗa, ta yi kalmar shahada tangaran.

Tun ranar na gane cewa gargaɗin likita ba na kunnen mai jinya kaɗai ba ne. A shelanta wa duk wanda hannunsa zai iya kaiwa jikin marar lafiya, har wanzamin gida.