Sandunan mutumin sama

A shekarata ta biyu a Manchester na koma wani gida a Gorton, ɗaki ɗaya a ƙasa, kicin da banɗaki na haɗaka. Mutumin da ke sama ɗan Ireland ne, magini, ya ba hamsin baya, ga faɗin kafaɗa ga ƙarancin magana. In mun haɗu a ƙofa ya gyaɗa kai, in gyaɗa. Zamani ne da in ka shiga bas da gemu da jaka a baya, sai na kusa da kai ya gyara zama. Kowa na lura da kowa, ni ma na koya.

Sanduna na fara gani. Wata safiya zan tafi uni na tarar da su jingine ƙarƙashin matakala. Kowace ta kai ƙugu, bakinta da faɗi an ɗaure da ƙarfe, mariƙin an naɗe da baƙin tef. Na ɗaga ɗaya. Na san gora, na san kulki. Wannan in ta sami kan mutum, zancen ganin likita bai taso ba. Bayan ƴan kwanaki suka ɓace, wasu suka zo.

Da summer ta shiga sai ga maganar waya. Wayar gidan tana daf da ƙofata. Ran Asabar da rana sai ya sauko ya zauna a matakala, ya kara ta a kunne, ya yi gum. Ba gaisuwa, ba komai, fiye da awa. Sai can ka ji ya naushi bango ya ce, "Ku hau shi! Kada ku bar shi ya tashi!"

Na kai zancen wurin wani dattijo ɗan Ghana mai shagon doya da gari kusa da kasuwa, wanda duk muke ce wa Baba. Ya gama ji ya ajiye wuƙarsa.

"Ɗana, nemi wani flat. Ran da police za su zo, ba za su tambayi mai sanda ba. Kai za su fara sakawa a mota."

Na ce ina tsakiyar rubutun thesis, kundin digirina. Ya ce thesis ba ta beli.

Ana haka mutumin ya faɗo a wurin aiki, aka sa masa filasta a hannun dama. Wata Alhamis ya ƙwanƙwasa mini.

"Kana tuƙi?"

Na ce ina yi.

"Asabar za ka kai ni Birmingham. Akwai mutanen da zan gani. Wannan karon ba zan iya zama ni kaɗai ba."

Na so in ƙi. Amma shi ya gyara mana boiler mai ɗumama gidan da hunturu, lokacin da mai gidan ya daina ɗaga waya, sai kunya ta kama ni. Na dai gaya wa Baba in bai gan ni da Magariba ba, ya san inda zai fara tambaya.

Da hannu ɗaya ya zuba sandunan a bayan van ɗinsa. A motorway sai duban agogo yake yi. Da na ga allon unguwar Perry Barr na tuna ina da abokai a can, na raya a zuciya in tsaya a fitilar hanya in fita kawai in bar masa mukulli. Ban yi ba.

A bayan gari muka tsaya, gefen wani fili mai dogayen turaku, da wani ɗan zaure. Maza suka fito suka kwashi sandunan, kowa yana lanƙwasa tasa a ƙasa yana yaba gyaran da maƙwabcina ya yi mata. A ciki wasu sun kewaye tebur, waya a tsakiya. Ina shiga duk suka juyo.

"Wannan fa?" in ji wani tsoho mai hular ulu.

"Direbana ne," in ji maƙwabcina.

"Ɗan wace county ne?"

"Ba ta kowa," ya ba shi amsa.

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon bai sake ɗauke ido daga kaina ba.

Maƙwabcina ya ja mini kujera, ya yi mini bayani a gurguje. Wasa ne sunansa hurling, da sandar ake bugun ƴar ƙaramar ƙwallo. County ɗinsu, wato gundumarsu a Ireland, ba ta cikin manya, a gasar aji na biyu take, wadda talabijin ba ya waiwaya. Gidan rediyon garinsu kaɗai ke kawowa, don haka mahaifiyarsa, can a ƙauye, ke ajiye kan waya a jikin rediyo. Yau wasan kusa da ƙarshe ne, kuma ɗan ƙanwarsa na cikin masu tsaron baya.

Aka buga wayar, aka buɗe murya. Mai sharhin ya fi ɗan gwanjo saurin baki, ban tsinci komai ba sai a fuskokinsu. Suna gaba har dab da tashi, sai alƙalin wasa ya ba abokan hamayya bugun laifi. Ta shiga. Aka ji an kashe rediyo, sannan muryar tsohuwa, a hankali: "To, shi ke nan. Ka ci abinci." Ta ajiye.

A hanyar dawowa bakinsa ya buɗe. Ya ce matar alƙalin ƴar wancan ɓangaren ce. Ya ce manyan ba sa son ƙanana su hau, da ma an gama shirya abin tun kafin a fito fili.

"Ka tabbata?" na ce.

"Ba a tabbatarwa. Sani ake yi."

Na tsaya a services, wurin hutun matafiya, na shimfiɗa rigata gefen mota na yi La'asar. Ya tsaya a bayana da filastarsa, duk wanda ya rage tafiya yana kallona sai ya zuba masa ido har ya wuce. Da na sallame ya ce baɗi ba zai zo da ni ba. Tsohon mai hula ya ja shi gefe ya ce ba su taɓa faɗuwa a kan wannan teburin ba sai yau da aka kawo baƙo.

Na ce, "Kai kuma me kake gani?"



"Ban yanke ba tukuna," ya ce. "Tayar da motar."