Muryata Tana Tallan Magani a Wunti

Jama'a, yau an tozarta ni da bakina, alhali ban buɗe baki ba!

Kun san sana'ata, ni nake yi wa masu maganin gargajiya muryar talla, su sa a lasifika. Tun bara Ɗan'asabe mai magani ya daina kirana. Ashe akwai dalili!

Ɗazu na raka surukina kasuwar Wunti. Muna sauka daga keke sai na ji muryata daga motar Ɗan'asabe. Tawa ce sak, har da gyaran muryar nan nawa! Wai: "Ni Sale, na daɗe ba na taɓuka komai a ɗaki, sai da na sha wannan."

Wallahi ban taɓa faɗa ba!

Na je na shaƙe wuyan rigar Ɗan'asabe. Na ce, "Kai, uban wa ya faɗi wannan?"

Ya ce, "Kai mana. Tsohon tallanka na sa wa AI a waya, ta koyi muryarka. Abin da na rubuta shi take faɗa. Ba ta makara, ba ta neman na shayi."

Teloli suka fito suna ƙyaƙyata dariya. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba Sale, ashe an samu lafiya! Barka!"

Na juya in rantse wa surukina. Kun san 'yarsa ta daɗe a gidana ba haihuwa. Tsohon ko kallona bai yi ba. Ya je motar, ya sayi kwalba biyu, ya cusa min a aljihu.

Ya ce, "Ka ci gaba da sha, kada ka tsaya."

Lasifikar ta sake ɗaukowa: "Ni Sale..."