Furen Ɗa'ifa da Na Sare

A tsakar gidanmu na unguwar Mada'in Fahad a Jidda, a lungun da rana ba ta kaiwa sai da hantsi, akwai wata shuka a cikin babbar tukunya. Maigidana ne ya kawo ta. Shekara da shekaru yana kula da lambun kafilinsa, wato ubangidansa, a unguwar Safa, ranar da ya ajiye aiki sai matar gidan ta ba shi ita. Sunanta hidiranjiya, amma bakina bai taɓa iya faɗa daidai ba, sai nake ce mata furen Ɗa'ifa, tunda daga can aka sauko da ita.

Ba shukar zafin Jidda ba ce. Lallaɓa ta yake yi kamar jinjira. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yake tara mata a bokiti, wai na famfo gishiri ya yi masa yawa. Sau ɗaya take fure a shekara, bayan sanyi, dunƙule-dunƙule kamar curin fura, shuɗi-shuɗi. In ta yi, sai ya jawo kujera ya zauna a gabanta da shayinsa.

"Malam," nakan ce, "ni ba ka taɓa kallona haka ba."

"Ke ai kullum kina nan, Hajiya. Ita baƙuwa ce."

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, busassun furanninta suka daɗe a kanta ba a cire ba. Wata safiya, sanyi ya fara shigowa, ya ce mini daga kan gado, "Ki ɗan rage mata, don Allah. Ina so in ga furenta bana." Ni da shi mun san abin da likita ya faɗa, mun kuma san abin da yake nufi da bana.

Ban tambaye shi yadda ake yi ba. Me zan tambaya? Tun ina yarinya nake saran zogale da lalle. A wajenmu, in kana son itace ya yi kyau, sare shi kake yi ƙasa-ƙasa, ya tofo da ƙarfi. Na ɗauki almakashinsa na bi rassan nan ɗaya bayan ɗaya, na bar su ba su fi tsawon taƙi ba. Har daɗi nake ji ina yi masa aiki. Na share wurin tas, sannan na kama hannunsa na fito da shi ya gani.

Ya dubi tukunyar. Sai ya sunkuya da ƙyar, ya zaro reshe ɗaya daga cikin shara, ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a kusa da kansa.

"Kin ga waɗannan? Furen bana ke nan. A tsohon reshe take ajiye shi. Busasshen kan kawai ake cirewa."

Na ce, "Wayyo, Malam, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Halas, ya wuce, Hajiya. Ba ta mutu ba. Za ta yi baɗi."

Da ma faɗa ya yi mini. Bai ƙara tayar da maganar ba. Shukar kuwa ta tofo kamar yadda na sani, ganye kore shar, manya-manya, babu fure ko ɗaya. Duk da haka yakan sa a fitar masa da kujera. Ni ce ba na iya zama kusa, sai in ƙirƙiri aiki a kicin. Wannan ma yana damuna yanzu, don zaman da na guje wa ba shi da yawa.

Ya rasu kafin zafi ya ƙare.

Na ci gaba da tara mata ruwan mukayyif. Da sanyi ya wuce, wata safiya autarmu ta ƙwala mini kira daga tsakar gida, ita da Hausa ba ta zauna mata a baki ba: "Yumma, ta'ali, zo ki gani!" Dunƙule uku ne, shuɗi-shuɗi. Na jawo kujerarsa na zauna, shayin da ta kawo mini har ya huce ban sha ba.

Yanzu na iya. Ina bin reshe da yatsa har in ji ƙullin farko, in yanke a samansa kaɗan. Abin da zai koya mini ke nan a zama ɗaya, da na tambaya.