Malam Wuce na Ƙofar Kware

Da an sallame la'asar, Malam Maccido zai jingine kekensa a bakin zaurensa na Ƙofar Kware, ya shimfiɗa tabarmi uku, ya kifa turmi ya ɗora tsohon agogon tebur a kai. Tun safe yana makaranta yana fama da alli, amma ko hutawa ba ya yi. Masu shirin jarrabawar shiga jami'a, sabuwar nan da aka fara bara, sai su zauna kowa da fensirinsa. Ya ba su tambayar lissafi, ya ba su ta nahawun Turanci, kowace minti ɗaya. Minti na cika sai ya buga sanda a ƙasa: "Wuce!" Haka sunan ya bi shi har kasuwa.

Shekara talatin da biyu yana koyarwa, watan jiya ya ajiye aiki. Me aka yi masa? Kwalaben lemo da jawabin minti biyar! A garin nan ne fa wanda bai iya haɗa bakwai da takwas ba zai sami kwangilar kwalbati yau, gobe ya sayi Marsandi, maroƙa su bi shi da kalangu. Kuɗin mai sun rufe mana ido. Wallahi abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba labari aka ba ni ba, a gidanmu aka yi. Ƙanwata Sadiyatu malamar firamare ce, kuma duk gidanmu babu mai kanta. Bara ta zauna jarrabawar nan ta faɗi warwas. Mahaifinmu, mai sayar da yadi ne, da yamma kuma yana ba da karatu a zaure, ya ce sau biyu kawai ya yarda. In ta sake faɗuwa bana, maganar jami'a ta mutu.

Ni na kai ta wurin Malam Maccido. Ranar farko ya ba su lissafin famfo biyu da ke cika tanki, mu da famfon unguwarmu ya yi wata uku bai ɗiga ba. Ya ce wuce, kowa ya wuce, ita tana nan. Aka kai tambaya ta ashirin, tana kan tankin.

"Malama Sadiyatu, mi kika jira?"

"Malam, ban gane wagga ba tukuna."

"Bara nawa kika amsa cikin hamsin?"

Ta sunkuyar da kai. "Tara. Ta goma ce ta tsare ni har lokaci ya ƙare."

Malam ya cire hula ya mayar. Ashe ba rashin sani ne ya kayar da ita ba. Mu a gidanmu ba a tsallake karatu. Tun muna ƙanana Baba ba ya barin ka taɓa layi na gaba sai na gabanka ya zauna daram, ko da za ka yi mako a kai. A wurin Sadiyatu, barin tambaya a baya rashin kunya ne ga ilimi.

Mako uku Malam yana buga sanda, tana kafe. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce mata taurin kai ba ibada ba ne, ta ce ni ai dama can ban ji magana ba. Kai, na so in yi kuka don haushi! Wani malamin da tuni ya ce Allah ya raka taki gona.

Shi kuwa ya hau kekensa ya tafi rumfar Baba. Baba ya saurare shi, ya ce, "Malam, ilimin da ake tsallakewa wane irin ilimi ne?"

Malam ya ce, "Alhaji, in mutum guda ya tsaya yana ja-in-ja kan yadi biyu, ga goma na jira, mi kaka yi?"

"Sai in ba shi kujera, in sallami sauran, in dawo gare shi."

"Ka wulaƙanta shi ke nan?"

Da Baba ya dawo gida ya kira Sadiyatu a gabana, ya ce, "Ɗiyata, ba ta kujera ki wuce. Na yarda." Kalma takwas ke nan, abin da na kasa da ihun mako uku.

Ranar jarrabawa Malam ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana tun hantsi. Tana fitowa bai tambaye ta ko ta yi daɗi ba.

"Nawa kika zaunar?"

"Bakwai, Malam. Na dawo na sallami biyar."

"Biyun fa? Ko canka kin yi?"

"A'a. Ba ni shaidar abin da ban sani ba."

Ya riƙe kai, ni ma na riƙe. Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Amma makon jiya takarda ta iso, Sadiyatu ta sami gurbi a jami'a. Baba ya sa na karanta masa ita sau biyu, sannan ya juya yana gyara yadin da ba ya bukatar gyara.

Malam Maccido, kai ne rijiyar bakin hanya, kowa ya sha ya wuce, ba mai tambayar wa ya haƙa. Ba ka taɓa karɓar ko kwabo a zauren nan ba, fensirin ma kai kake fiƙe wa wasu. Mun gode, Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu takardu a ofisoshi, da ke kulle ƙofa ƙarfe biyu ku tafi neman kwangila, haba! Tabarma da agogo fa kawai gare shi. Kowace unguwa akwai zaure, ku zaunar da ko mutum uku ne.

Jiya na bi ta Ƙofar Kware, na ji sandar tana bugawa, ritaya ko oho. Malam, kullum kana ce wa mutane su wuce. Da ka yi wa ƙanwata abin da kake koyarwa, da tana nan kan tankin nan. Mako uku ta tsare ka, kai ba ka wuce ta ba.