Tsutsar Kara da Tambayar Kawu Idi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Mariama a wani asibiti na Paris. Daga Madarunfa ta zo Faransa karatu a kan tsutsar da ke huda karan masara. Ni na biyo bayanta, na zauna garin Vénissieux ina aikin ofis.

In na je mata hutu Montreuil, gefen Paris, ba ta da hira sai ta tsutsa. Uwar, in ji ta, ƙwaro ce mai fiffike da ke zuba ƙwai tsakanin ganye da kara. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe, su fara da sabon toho, sannan su huda kara su shige suna cin totuwa har tsakiyar shuka ta bushe. Da rani tsutsar kan kwanta cikin busasshen kara, ba ci ba motsi, sai ruwa ya sauka ta rikiɗe, ta fito da fiffike ta nufi sabuwar gona.

Bana ƙanen mahaifiyarmu, Kawu Idi, ya turo mini hoton gonarsa ta tarho. Masara ta kai ƙugu, duk ta bushe a tsaye, abincin gida guda. Ya ce, "Ɗiyata, ku da kuka zauna da marigayiya, me ta ce a yi?"

Kowace shekara mukan taru mu yi mata addu'a, mu ci shinkafa, mu yabi iliminta cikin faransanci. A taron bana na tambayi 'yan taron ɗaya bayan ɗaya, duk masu digiri, ba wanda ya iya ba manomi amsa da Hausa. Da tana nan, ban san da wane ido za mu dube ta ba.

Na tattara abin da na tuna na kira shi. Na ce bana ta wuce, amma in an yi girbi kada a jingine kara, a sassare shi a shanya a rana, ko a babbake.

Sai ya ce, "To dangar gida fa? Da rumfa, da abincin bisashe? Duk kara ne."

Mariama ta bar mana sanin inda tsutsar ke kwana. Mai sanin gonar da gidan gaba ɗaya, wadda za ta zauna kan tabarma ta warware wa Kawu wannan, ita muka binne. Allah ya jiƙanta.