Kek ɗin Godiya a Tasin Wuse

A tasin Jabi zuwa Wuse, Baffa, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, yana satar kallon matar da ke gefensa. Mayafinta ya sha guga, takalminta kuwa ya sha ɗinki. Wataƙila daga Karu ta fito. Kwalin kek na cinyarta, ta rungume shi kamar jariri.

Waya na kunnenta, tana murmushin da mai maganar ba ya gani. Kalamanta sun nuna aikinta: kamfaninsu na sayar wa ƙananan ofisoshin akantoci manhaja, ita ce mai lallashinsu kada su gudu.

"Oga Manniru, ga ni tafe da kek ɗin godiya. Kun koma wani kamfani? Haba ranka ya daɗe, in ka tafi ai korata za a yi."

Mutumin ya kashe waya. Murmushin ya jima kafin ya bar fuskarta.

"Madam, za ki sauka ne?" in ji direba.

"Mu je kawai. Ofis na jiran hotona ina miƙa masa, muna dariya."

Motar ta faɗa rami, ta ɗaga kwalin kada adon ya ɓaci.